Tsakar da 'Yata Ta Bar Mini Amana

Ni dai tun ina yarinya ban taɓa ganin tsaka na bar ta da rai ba. Haka muka tashi a unguwarmu ta Bani Malik. In ta fito a bango, mai silifas ya cire silifas, mai tsintsiya ya rarumi tsintsiya, kowa na son ya same ta a bugun farko don an ce ladan ya fi yawa. Kakata kuma ta cusa mana cewa in ta faɗa abinci, duk wanda ya ci kuturta ce za ta kama shi. Ko sunanta aka ambata sai tsigar jikina ta tashi.

To wai ni ce 'yata ta shigo wa da tsaka har cikin gida, a akwatin gilashi, tana wani riƙe shi kamar kayan lefe. Ba irin ta bango ba ce. Wannan rawaya ce mai ɗigo-ɗigon baƙi, da kakkaurar jela, duka-duka tsawonta bai wuce yatsana ba. Wata ƙawarta a unguwar Safa ce ke kiwon su, ita kuwa wannan aka ƙyanƙyashe ta da lalura, ba mai so. Kanta a karkace yake. In za ta yi tafiya sai ta yi ta zagaye wuri ɗaya, wani lokacin ta faɗi rigingine ta kasa tashi.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Yarinyar ta bari na gama, ta kai akwatin ɗakinta ta ja ƙofa. Wata uku ban leƙa ɗakin ba.

Sai wurin aikinta suka tura ta Riyad na mako biyu. Ana gobe za ta tafi, ta ja ni har gaban akwatin.

"Ummi, amana ce. Ba ta iya kama abinci da kanta, sai an ba ta a baki. Kar ki kunna babbar fitila, kar ki yi hayaniya kusa da ita. Halas, shi ke nan."

Na ce, "Ni zan ba tsaka abinci a baki? Ke ki ji tsoron Allah."

"In ba ki ba ta ba, mutuwa za ta yi. Allah yikhalliki, ya Ummi."

In Hausa ta ƙare mata ta koma Larabci, na san abin ya kai mata zuci. Ban ce to ba, amma na karɓi hantsakin da ta miƙo mini.

Ranar farko na sha wuya. Na ɗauko tsutsa da hantsaki na miƙa mata, kanta na ta rawa. Ta kai cafka ta cafki iska, ta sake kaiwa ta kife gefe guda. Sai a karo na shida ta samu. Na fito na wanke hannu har gwiwa da sabulu sau uku, alhali ko taɓa ta ban yi ba. Tsoro biyu ne suka sa ni gaba: ina tsoronta, ina kuma tsoron in buɗe ƙofa wata rana in tarar da ita a sanƙare, in rasa abin da zan gaya wa yarinyar nan.

Rana ta biyar, bayan la'asar, na shiga na same ta ta ɗaga kai sama ta ƙura wa silin ido. Ba ta motsi. Na kaɗa tsutsa a gabanta, ko gezau. Na ɗaga kai na duba inda take kallo, babu komai sai farin fenti. Na sake duban ta, tana nan yadda take, kamar mai sauraron wani.

Na ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, akwai abin da take gani a ɗakin da 'yata ke kwana. Ban tsaya wani dogon tunani ba. Na hura gawayi a kasko, na zuba habbatus sauda da wani turare mai ƙarfi da nake saye a kasuwar Bab Makka, na kashe na'urar sanyi, na rufe taga. Na ajiye kaskon dab da akwatin, har da ɗaga murfi ina fifita hayaƙin ciki da mayafina, ina tofi.

Minti ɗaya ba a yi ba ta fara birgima. Ta juya, ta sake juyawa, tana bugun gilashi, jelar na karkarwa. Ta faɗa cikin ɗan murfin da ake zuba mata ruwa, ciki a sama, baki a buɗe. Na yi salati da ƙarfi. Ban san lokacin da na cusa hannu na ɗauko ta ba, ni da ko kallon ta ba na iya yi. Sanyi ƙalau, ba nauyi ko kaɗan. Na fito da ita falo a guje, na durƙusa a ƙasa, na lalubo waya da hannu ɗaya.

"Ki taimake ni, za ta mutu a hannuna!"

'Yata ba ta yi ihu ba. Ta ce in shimfiɗa tawul in ajiye ta, in juya ta kan cikinta a hankali, in kife mata kwali don ta samu duhu. Na yi duka. Sannan ta tambaye ni.

"Me ya faru? Wani abu ya faɗi ne?"

Na so in yi ƙarya, wallahi. Na ce, "Turare na yi mata. Na ga tana kallon sama, na zaci ko..."

Sai na ji ta ce:

"Ummi, ni ma lokacin da nake faɗuwa haka kike yi mini. Ki rufe taga, ki lulluɓe ni da bargo, ki sa kasko a ciki."

Tana da shekara shida farfaɗiya ta fara kama ta. Shekara biyu ina yi mata hayaƙi kafin na yarda aka kai ta asibiti, aka ɗora ta kan magani. Ba mu taɓa maganar ba. Duk zatona ba ta san inda kanta yake ba a lokacin.

"Wani lokaci ina farfaɗowa a ciki," in ji ta. "Ina jin ki kina addu'a, ina so in ce miki ba na iya numfashi, bakina ya ƙi buɗewa."

Hayaƙin ya biyo ni har falo, yana shiga mini ido.

"Tana numfashi?"

Na ɗaga kwalin kaɗan na leƙa. Ƙasan maƙogwaronta na hawa yana sauka.

"Tana yi."

"To tashi ki buɗe taga, Ummi."

Na tashi na buɗe.