Fayil ɗin da Ya Hana Wasan Hamma Tashi

Bayan haɗarin babur da Hamma, babban yayana, ya yi a hanyar Sangere, hannunsa na hagu ya yi rauni, magana ma ta ragu. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsunsa, ya ƙi. Wata rana ya ce mini, "Da ma akwai wasan ƙwallon nan da muke yi muna yara."

Na'urar wasan ta daɗe da lalacewa, faifan ne kawai ya rage. Wani ɗan ajinmu ya ce kwamfuta za ta iya kunna shi, in an sa mata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'urar. Na aro kwamfutar Anti, maƙwabciyarmu malamar firamare, 'yar Numan.

"Tambayoyin jarrabawar ɗalibaina suna ciki," in ji ta. "Kar ka ɓata mini."

Na sa manhajar, na zura faifan. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan rubutu cewa babu bayos. Na hau keke zuwa kasuwar Jimeta wajen wani mai gyara.

"Bayos shi ne fayil ɗin da na'urar take fara karantawa," ya ce. "In babu shi, ba ta tashi." Ya zuba mini nasa guda uku a filas, ɗan abin adana fayil: na Japan, na Amurka da na Turai. "Ka zaɓi wanda ya dace da faifanka."

Duk hanyar dawowa ina ta tunani. In filas ɗin nan yana da bairos mai lalata takardun kwamfuta fa? Da wane ido zan kalli Anti?

Hamma yana kan tabarma yana kallona lokacin da na kwafe fayilolin. Na gwada na farko, shiru. Na biyu ya daskarar da kwamfutar gaba ɗaya. Na kashe, na kunna, na fara duba takardun Anti. Suna nan lafiya.

"Bar shi kawai," Hamma ya ce, ya juya fuskarsa bango. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Na ɗauko kwalin faifan, na ga ashe na Turai ne. Na nuna wa manhajar fayil na uku. Sai ga ƙarar nan ta dā ta tashin na'urar, doguwa, ta cika ɗakin.

Hamma ya tashi zaune. Na miƙa masa abin dannawa ɗaya, na riƙe ɗaya. Babban yatsansa ya kasa tura ɗan wasa, ƙwallo ta yi ta wuce shi. Na fara sassauta masa.

"Kar ka kuskura," ya ce. "Yi wasanka sosai."

Na cinye shi. Ya murza yatsan a gwiwa, ya ce mu sake.