Ƙarshen Fim Ɗin Da Na Faɗa Musu

A shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola saboda harin 'yan bindiga, gidanmu na unguwar Gwadabawa ya cika har zaure. Ɗakina ya koma na mu huɗu, ni da 'ya'yan Bappa, ɗan'uwan babana, mata uku da suka gudo daga can, babbarsu shekararta sha shida. Ina aji biyu a jami'a, kullum sai na tsallaka gada zuwa Girei na dawo a gajiye. Jarrabawa saura wata guda, kuma akwai kwas ɗin da na faɗi bara, wanda in na sake faɗuwa za a sallame ni.

Makon farko yaran ba sa magana, abinci ma sai Goggo ta tsaya a kansu. Don haka na kunna musu wani fim da mai tura finafinai a Jimeta ya zuba min a kwamfuta. Labarin gaskiya ne na wasu 'yan matan Turawa da suka kafa ƙungiyar kiɗa, babu namiji ko ɗaya, sai jita da ganguna da ihu. Ina fassara musu jimla bayan jimla. Turin bai cika ba, fim ɗin yana yankewa daidai inda suka hau dandamali jama'a na yi musu tafi.

Bayan kwana uku suka tattara jarkokin ruwa a bayan ɗaki. Babbar ta rungumi muciya a matsayin jita, ƙaramar tana dukan jarka da ludayi.

Babbar ta ce wa ƙaramar, "Ke, ba haka Baturiyar take yi ba! Kaɗa kai za ki yi."

"In kaɗa kai ɗankwali ya faɗi, Goggo ta ci ƙaniyata? Ke kaɗa naki, mai kan tulu."

Daga hantsi har la'asar. Na toshe kunne da auduga, na gwada karatu a kicin, shafi ɗaya sai na maimaita sau biyar. Ni kuma ba na iya ce wa mutum ya yi shiru.

Kullum tambayarsu ɗaya: "Adda, daga nan me ya faru da su?"

Ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba, sai na bincika a laburaren makaranta, na rubuto a takarda. Na karanta musu duka, ban rage komai ba: sun yi faɗa, ɗaya ta kamu da shaye-shaye, ƙungiyar ta watse kafin su cika shekara ashirin da haihuwa, wasunsu ba su ƙara gaisawa ba. Na san abin da nake yi.

Babbar ta ce, "To." Ta mayar da muciyar kicin.

Na samu shirun da nake nema, na ci jarrabawar. Sauran watannin da suka yi a gidanmu, ƙaramar a bakin ƙofa take wuni, da an buga murfin mota a titi sai ta miƙe tsaye ta leƙa ko wani nasu ne ya iso. Sau biyu na ce ko in sake kunna musu. Suka ce a'a, Adda, yi karatunki.