Tsamiyata da Bikin Dokarsu

Damina uku bayan da anka ba Tibiri perefenta, wato ta zama gundumar kanta, shekarar da rijiyar bakin kasuwarmu ta rufta, ita ce shekarar da anka kai ni Dogon Dutsi bikin doka. Lokacin ina da tsamiya.

Bayan gidanmu take. Doguwar gidan, iskar da ke tsaron zuri'armu, can take zaune tun zamanin kakar mijina, ni kuwa na gaji zuba mata nono. Da mijina ya rasu, ɗan ƙanensa, wanda ya yi arziki da sayar da kayan babur, ya zo ya jibge bulo a gindinta. Shago zai gina. Na ce masa wurin da mai shi.

"Inna, itace ne fa. Ki ji tsoron Allah."

"Tun kana yawo ba wando nike salla, ɗan nan. Kwashe bulonka."

Bai kwashe ba. Ana cikin haka sai ga wata madam daga biro, wato ofishin gwamnati, da mota. Ta ce akwai dokar da ta ba kowa damar bin addininsa ba tsangwama, ranar da anka sa mata hannu ta zagayo, za a yi biki, ana son bori. "Al'adarmu ce, Inna, baƙi za su zo." Na tambaye ta ko dokar nan ta san itace. Ta ce babban da zai zo, in ya yi magana guda ba mai taɓa tsamiyar. Don wannan kaɗai na aika anka kira mai gogena, wani tsoho makaho na wajen Lugu, munka shiga motar.

Su manyan suna cikin rumfa bisa kujeru da ruwan sanyi. Mu anka tsai da mu rana, kusa da ɗiyan lakwal, yaran makarantar boko, masu jiran waƙa. Anka yi ta jawabi da Faransanci har inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata. Sannan wani mushe, malamin biro, ya zo da takarda da abin magana a hannu yana duban agogo.

"Inna, minti goma gare ku. Ki yi sauri ya hau, bayanku akwai waƙar yara."

"Wa zai hau?"

"Iskan mana."

"Ɗanka ne, da za ka aike shi?"

Makaho ya ja goge, ya yi wa Doguwa kirari har muryarsa ta dishe. Ba turare, ba tabarma, ba a gai da kowa ba. Wa zai zo? Na tsaya ƙyam. Mushe ya matso kunnena: "Ki ɗan faɗi mana ko da wasa, ana ɗaukar hoto."

Tun ina budurwa iskoki ke hawa kaina, ban taɓa faɗuwar ƙarya ba, ba kuwa gaban masu takalmi zan fara ba. Na fizge abin maganar daga hannunsa na fuskanci rumfa.

"Ranka ya daɗe, an ce dokarku ta ce kowa ya yi nasa. Nawa yana cikin tsamiya, an jibge mata bulo. Dokar ta kai can, ko nan cikin rumfa ta tsaya?"

Sunka fashe da dariya, sunka yi tafi. Sun ɗauka cikin wasan ne. Babban ya share hawayen dariya ya ce, "Inna, ki zo biro ran Litinin da takardar filin." Anka miƙo mini zane mai rubutu, wai dokar ce anka buga a jikinsa.

Takardar me? Tsamiyar ta girmi biron, ta girmi uban wanda ya gina shi. Duk da haka ran Litinin na biya kuɗin mota na koma. Na zauna bisa benci har azahar. Anka ce babban ya yi tafiya, kuma ba takarda ba magana. Da na sauko mota a garinmu, tun daga bakin hanya na ga sarari inda ba a taɓa ganin sarari ba. Mata har sun fara ɗibar rassan.

Zanen nan na yaga shi biyu. Rabi na yi gammo, rabi na toshe ɓarakar akurkin kaji.

Da shekara ta zagayo madam ta sake zuwa, wai bara na burge baƙi. Na ce ta tafi shagon can ta ɗauki mai shi, shi dokar ta yi wa aiki, shi ya kamata ya faɗi.

Kututturen yana nan, rabinsa ƙarƙashin dakalin shagon. Har yau can nike zuba nono, da rana tsaka, gaban masu sayen taya. Makaho ya rasu. Babban an ɗauke shi wani gari, ban san ko yana da rai ba, ban kuwa tambaya ba. Mushe mai agogo an ce ciwon suga ya kwantar da shi. Saura ni, da madam da ta daina gai da ni, da ɗan ƙanen mijina, wanda in zai shiga shagonsa sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake nonon.