Daga Ikko Zuwa Ankara, Tsakanin Azahar da La'asar

Muna idar da sallar asuba muka bar Birnin Gwari, ni da kawuna. An bugo masa waya cewa ɗansa, da ke cinikin goro a Ankara, can ƙasar Gwalkwas, yana kwance rai a hannun Allah. Ni aka haɗa shi da ni don na yi elemantare, ina ɗan jin Turanci.

Motar katako ta ratsa da mu daji. Damina ta cinye hanya, sau uku muna sauka mu tura, Fulani na tsaye da shanunsu suna kallonmu. A Kaduna muka shiga jirgin ƙasa. Bayan mun haye Kwara tuwo ya ɓace, sai teba da barkono mai sa hawaye. Kawu ya ce mutanen nan da wuta suke miya.

A Ikko muka je ofishin jirgin sama. Akawun ya ce akwai wuri biyu gobe, tafiyar kuma ba ta kai awa biyu ba. Na tuna yadda jirgin ke wucewa ta kanmu kamar shirwa, tsoro ya kama ni. Na juya na gaya wa Kawu da Hausa cewa an ce babu wuri, sai mu jira jirgin ruwa. Ƙarya na yi. Ya ɗauki butarsa.

Kwana biyar muka yi a zango muna jira, jirgin ruwa bai tashi ba. A rana ta shida kunya ta mayar da ni ofishin jirgin sama, na samo mana wuri. Muka yi azahar a filin jirgi muka hau. Teku a hagu, itatuwan kwakwa a dama, ƙanana kamar shukar gero. Wata mata ta ba mu alewa. Ban gama tsotse tawa da kyau ba aka ce mu shirya sauka. Da alwalar Ikko muka yi la'asar a Ankara.

Mun tarar an binne ɗan Kawu shekaranjiya. Aka ce ya yi ta tambaya ko babansa ya iso.

Da muke dawowa, mota ta kafe da mu a dajin nan namu, muna zaune a gindin wata ɗorawa, na faɗa wa Kawu abin da akawun ya ce na gaskiya.

"Ɗan nan, na ga mutumin ya ɗaga yatsu biyu," in ji shi. "Akwai Hausawa cike da zango, ban tambayi kowa ba. Ni ma tsoron nake ji."

Mun iso gida da yamma, mutane suna ta tambaya ko Ankara na da nisa da Ikko. Abin da na gano, ba ta da nisa. Mu ne muka yi kwana shida a tsakani, kuma ni na fara buɗe baki. Allah Ya yafe mini.