Ranar da Kariman Ta Taɓa Jirgi

"Wallahi hannun nan naki ya fi ki hankali!"

Muryar Kyaftin Shauƙi ce ta ratso bango ta same ni a kicin ina ɓare tafarnuwa. Bangon da ya raba gidanmu da nasu a unguwar Anfushi, in an yi atishawa a can, daga nan muke cewa yarhamukallah.

"Dariya ma kake yi, Baba?" in ji 'yarsa Kariman.

"To kuka zan yi? Rabin Iskandariyya ya taru a bakin teku, ga darakta da hularsa kamar murfin tukunya, ga wancan jarumin mai gashi kamar saniya ta lashe shi ya miƙo hannu, 'yata ta ƙi kama jirgi. Alhamdu lillahi, tarbiyyata ba ta faɗi ƙasa banza ba."

"Gobe zan kama."

"Ki kama mana. Ki kama a haska a kowace sinima, yara su riƙa nuna ni a layi suna cewa ga uban wadda aka tsamo kamar jiƙaƙƙiyar mage."

"Fim ne fa, Baba. Wasa ne."

"Ruwa bai san wasa ba, 'yar nan."

"Kai ma ai ba ka san shi ba."

Na ji an dire kofin shayi da ƙarfi. Can sai ta ce, a hankali, "Jirginka suka ɗauka haya gobe. Na ce musu kai za ka tuƙa."

"Ni? In tuƙa ki ki kama? Ki nemi wani mara kunyar!"

Ƙofa ta bugu har tukwanenmu suka amsa.

Tare muka tashi da Kariman, ƙofa na kallon ƙofa. Ni na kama littafi, ita ta kama ruwa, ko in ce ubanta ya kama mata. Kyaftin Shauƙi bai taɓa zama soja ba, duk mai horar da 'yan wasa haka muke kiransa. Shi ma ɗan ninƙaya ne a ƙuruciyarsa, ciwon kafaɗa ya hana shi kai wa inda ya so. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, ya jefa ta teku tun ba ta gama famfara ba.

Tsere mai nisa take yi, irin wanda ake shiga ruwa da asuba a fito rana ta yi ja. Ana shafe jiki da kitse saboda sanyi, jirgin mai horarwa na biye a gefe. Dokar wannan tsere guda ce da ko ɗan yaye a unguwarmu ya san ta: ka taɓa jirgi, ka fita. Ko da farce ne. Shi ya sa ko shayi mai sukari za a ba ta, a bakin doguwar gora ake ɗaure kofin a miƙa mata, ta kurɓa tana taka ruwa. Tun tana ƙarama Kyaftin ke horar da ita a kan tazarar nan. In igiyar ruwa ta turo ta kusa da katako, sai usur ya tashi a kunnenta. Har ta kai ko idonta a rufe, jikinta ya san inda jirgi yake, yana kauce masa kamar garwashi.

Ta ci kofuna, suna nan jere a kan kabad, Kyaftin na goge su duk Juma'a. Babba a cikinsu na tseren Nilu ne, kuma duk unguwa ta san yadda aka same shi, don Kyaftin da bakinsa yake ba da labarin a gidan shayi. Ana dab da ƙarshe jijiyar ƙafarta ta ɗaure, ta sha ruwa, ta ɗago ta ce, "Baba!" ta miƙo hannu. Shi kuwa ya ja filafili sau ɗaya, jirgi ya matsa. Ta miƙo, ya sake matsawa. A haka, tana bin jirgin da ke gudunta, ta zo ta ɗaya. "Iya ruwa fid da kai," haka yake rufe labarin kullum, a tafa masa. Hoton da jarida ta buga washegari, Kyaftin ne riƙe da kofi yana washe baki. A gefensa akwai wani abu a naɗe cikin bargo, ido a kumbure, fuska duk kitse. Ita ce.

'Yan fim sun fara zuwa mata ne don bayanta. Duk jarumar da labari ya ce ta faɗa teku, sai a sa wa Kariman rigarta da gashin kanti, a ɗauke ta daga nesa tana iyo, sannan a nuna fuskar jarumar an yayyafa mata ruwa daga bokiti. Kyaftin bai taɓa yin faɗa a kan wannan ba, har ma yakan ja abokansa sinima ya nuna musu da yatsa, "Wancan bayan nawa ne." Sai da wani darakta, Ustaz Midhat, ya gan ta tana faɗa da mai sayar da kifi a kan sikeli, ya ce wannan fuskar asara ce a bar ta a ruwa. Ya ba ta rawar 'yar masunci, mai magana da suna da komai. Fitowa mafi girma ita ce inda guguwa ta kifar da ita, jarumi ya zo a jirgi, ta kama gefen jirgin, ya ja ta sama.

Ranar farko ina bakin teku cikin 'yan kallo. Jirgi ya nufo ta, ta yi ta fafutuka kamar yadda aka koya mata, ta ɗaga hannu, sai kawai ka ga ta zame gefe, tazarar kamu biyu, tana taka ruwa tsaf. Aka sake. Ta zame. Aka sake, har jarumi ya gaji da miƙa hannu ya nemi a kawo masa lema. Ustaz Midhat ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Ke baiwar Allah, jirgin nan cizo yake yi? Nutsewa na ce ki yi, kina min iyo kamar kina jiran a miƙo miki shayi!"

Mutane suka kwashe da dariya, don ba su san gaskiya ya faɗa ba. Ya ce mata gobe ce ta ƙarshe. In ta kasa, akwai yarinya a Alƙahira da jakarta a ɗaure, ita za ta zo ta yi fuskar, Kariman ta koma yin bayan.

Bayan faɗan nan nata da ubanta na same ta a saman bene tana shanya. Kafaɗunta sun fi na yayyena maza faɗi, tana matse zani kamar yana da laifi.

"Kin ji mu ko, Inas?"

"Har masallacin ƙarshen layi an ji ku."

Na tambaye ta abin da unguwa ke tambaya, wato me take nema a fim. Matan layi sun ce suna take nema, Kyaftin ya ce ruɗin Alƙahira ne. Ta rataya zanin ta ce, "Kin taɓa ganin hotona da za ki gane ni? Shekara nawa mutane na tafa wa hular robar ninƙaya. So nake kafin in tsufa a ga fuskata."

Na yarda da ita, amma ban yarda shi ke nan ba. In fuska kawai take so a gani, ga masu tuƙi cike da tashar jiragen kamun kifi, kowanne zai yi murna da aikin. Me ya sa sai ubanta? Na faɗa mata haka. Ta dube ni da jajayen idanun nan da gishiri ya dafa, ta ce, "Ke dai marubuta, ba a ba ku lemo ku sha, sai kun ƙirga 'ya'yan."

Shi ma Kyaftin ban ɗauki fushinsa na mutunci ba. Mutumin da ke zuwa sinima duk Alhamis da gyaɗa a aljihu ba fim yake ƙi ba. Abin da na gani shi ne, ranar da Kariman ta hau jirgi, ba sauran wanda zai tuƙa a gefensa. Zai zama tsoho mai kwale-kwale kamar sauran tsofaffin Anfushi.

Washegari da sassafe na ga ta sauka da tawul, ba ta ko karya ba. Ta ce tunda jikinta ya ƙi yin ƙarya, za ta sa shi ya faɗi gaskiya. Ta shiga ruwa ita kaɗai, ba kitse, ba shayi, ba jirgi a gefe, ta yi ta kai da komo tsakanin tsohuwar ganuwa da bakin tasha har rana ta take. Lokacin da 'yan fim suka gama kafa kayansu, leɓunanta sun yi shuɗi. Mai kwalliya ya zo da hodarsa ya dube ta ya mayar da hodar jaka.

Kyaftin kuwa yana zaune a cikin jirginsa tun kafin kowa. Ya ce ya zo ne don kada 'yan iskan nan su kankare masa fenti. Aka ɗaura masa rawani irin na masunta, yana ƙunƙuni. Jarumi ya shiga ya zauna a gaba.

"Ka ga, ɗana, kada ka taka min igiya," in ji Kyaftin. "Kuma in za ka yi amai, can gefen."

Ustaz Midhat ya ɗaga hannu, kyamara ta fara juyawa. Kyaftin ya tuƙa ya nufe ta. Wannan karon ba fafutukar koyo take ba, kanta na nutsewa yana ɗagowa, hannuwanta sun yi nauyi. Jirgi ya iso. Na ga jikinta ya fara zamewa gefe yadda ya saba, na ga ta cije, ta dawo da shi da ƙarfin tsiya. Ta ɗago hannu, yatsu a buɗe, saura ƙiris ta taɓa katako.

Sai jirgi ya matsa.

Ba wanda ya ce wa Kyaftin ya ja filafili. Na tabbata shi kansa bai yi niyya ba. Hannuwansa ne suka ga yatsun 'yarsa kusa da katako, suka yi abin da suka saba tun tana ƙarama. Jarumi ya yi tangal-tangal ya kusa faɗawa. Ustaz Midhat ya buɗe baki zai tsayar da ɗauka.

"Baba!"

Ba ya cikin abin da aka rubuta mata. Ta yunƙuro daga cikin ruwa har ƙugu, ta cafke bakin filafilin da hannu biyu, ta ja kanta a jikinsa kamar mai hawa igiyar rijiya, shi yana riƙe da ɗaya gefen, suna kallon juna. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Na dai ga ya saki filafilin. Ta ɗora tafin hannunta a kan gefen jirgi, ta danna, har daga gaɓa ana ganin jijiyoyin hannun. Jarumi ya tuna aikinsa ya kama ta ya ja.

Ustaz Midhat ya bar kyamara a kan fuskarta, tana kwance a cikin jirgi tana haki, ido a kan tsohon mai rawani. Da ya ce a tsaya, ba wanda ya tafa sai shi. Ya ce a aika wa yarinyar Alƙahira ta kwance jakarta.

Daga baya Kariman ta gaya min abin da ubanta ya ce mata a cikin jirgin, ƙasa-ƙasa, da muryar alƙalin wasa: "Kin fita daga tsere." Suka iso gaɓa. Ya cire rawanin ya miƙa wa mai kaya, ya ɗaure jirginsa, ya kama hanyar gida shi kaɗai.

Ba ta zama tauraruwa ba, kada wani ya je yana neman sunanta a manyan alluna. Ta yi matar masunci, ta yi maƙwabciya mai faɗa, ta yi mai gadin kurkukun mata, daga baya ta yi uwar jaruma sau da yawa. Ba ta sake shiga tsere ba. Amma a duk fim ɗin da ta fito, fuskarta ce, har mai sayar da kifin nan ya rage mata cuta a sikeli. A wancan fim na farko an bar kiran "Baba" yadda yake, aka gyara labarin mai jirgin ya zama ubanta, ko da yake bayansa kawai ake gani.

Ranar da ta taɓa jirgin dai, tare muka dawo da la'asar. Sartsen katako ya shige mata a tafin hannu, ta hana ni cirewa. Muka tarar da ƙofarsu a kulle ta ciki, ƙamshin soyayyen kifi na fitowa ta ƙarƙashinta. Ta ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba. Na ce ta zo gidanmu ta huta tukuna, ta girgiza kai. Ta ɗora tafin nan mai sartse a kan ƙofar, ta matso da bakinta kusa da katako.

"Buɗe, Kyaftin. Wadda kake horarwa an kore ta. 'Yarka ce ta dawo, kuma tun asuba ba ta ci komai ba."