Madam Mai Kaki da Littafin da Na Karanta a Baibai

Shekarar da na buɗe shagon ɗinki kusa da bodar Jibiya, yayana direba ya kawo mani wani littafin zane na Japan da ya saya a gwanjo a Maraɗi. Da Faransanci aka rubuta shi, ni kuwa ban da "bonjur" ba na jin komai. Hotunan nake bi: yarinya 'yar mai wanki da ɗan masu kuɗi, suna riƙe da hannun juna a farko, a ƙarshe ko kallon juna ba sa yi. Har ƙwalla na yi masu.

Akwai wata ma'aikaciyar boda, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. Direbobi na hango ta suke gyara tsayuwa. Ran nan ta kawo kakinta in rage mata, ta ga littafin a kan keken ɗinki.

"Kin gama shi?"

"Na gama, ranki ya daɗe. Rabuwar ce ba ta yi mani daɗi ba."

"Wace rabuwa? Nuna mini inda kika fara."

Na nuna. Sai ta fashe da dariya har da dafa bango.

"Daga ƙarshe kika faro! Daga dama ake buɗe shi, kamar littafinku na Islamiyya. Shiryawa suka yi."

Ashe tun tana sakandare take karanta irinsu. Ta ja benci ta zauna tana lissafa mani mutanen ciki: ba a rasa acici, ba a rasa mai ɗaure fuska wanda zuciyarsa ta fi auduga laushi.

Bakina ya suɓuce: "Kamar ke ke nan, Madam."

Sai ta kalli kwanon awarar da ke gefena ta ce, "To, mun san acicin."

Daga ranar, in ta tashi aiki sai ta biyo, ta nuna mani wasu a wayarta tana fassarawa da Hausa. Da Kirsimeti ta gayyace mu. Innata ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta haɗa dambun zogale muka tafi. Sai da na yi wa Innata magana sau uku kafin ta tashi mu koma gida, ta tsaya koya wa Madam yadda ake turara shi.