Ranar da Umma ta yi wa masu jita guɗa

Ƙanena, autan gidanmu, shi ya shigo mana da kiɗan nan. A Makka aka haife mu duka, a unguwar Mansur, amma na girme shi da shekara goma sha biyu, don haka ni na tashi da Hausar Kano a bakina, shi kuwa Larabci ya fi zama masa a harshe. Yana jin duk abin da Umma ta faɗa, sai dai in zai mayar mata, rabi Hausa ne rabi Larabcin gari. Da rana yana tuƙa motar kai ruwan sha gidaje. In ya dawo sai ya shige ɗaki ya rungumi jitarsa mai lantarki, ba tare da ya jona ta ba, ya yi ta karce wayoyin, ƙas ƙas ƙas, kamar kaza tana tono a tsakuwa. Ni dai na ɗauka har yanzu koyo yake yi.

Ashe ƙungiyar kiɗa gare su, su biyar, kuma sun fi shekara suna haɗuwa. Ba sa kiɗa a cikin gari. Wata istiraha suke kamawa a hanyar Jidda, bayan an fita iyakar Harami, irin gidajen hutun nan masu katanga da 'yar farfajiya da ake haya don walima. Ba talla ba allo, sai dai aboki ya gaya wa aboki a waya. Sunan kiɗan nasu ska-punk, kuma wanda ya koya musu shi mai busa ƙahonsu ne, ɗan unguwar Zahir, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji daga Jawa suka zauna, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Na san wannan duka ne a makon da na dawo daga Arfa. Na yi aikin girki a tantunan alhazai, na dawo ƙafafuna a kumbure, ba abin da nake so sai kwanciya. Ina kishingiɗe da hantsi ya shigo da takarda a hannu, yana ta sosa ƙeya. Ya ce sun yi sabuwar waƙa, baitocin da Larabci ne, amma yana son amshin ya zama da Hausa, in taimaka in ji ko ya faɗa daidai. Waƙar a kan mutum ne da ya wuni yana aiki a rana, ya tashi ya ce yau kam sai ya taka. Na ce to rera mu ji. Ya gyara tsayuwa ya rera da ƙarfinsa:

"Ku taso, ku taso, mu tayar da kura!"

Umma tana tsakar gida tana gyaran wake. Sai muka ji ƙarar faɗuwar tire. Na leƙa a tsorace, na tarar da ita ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Da ƙyar ta iya magana.

"Auta, kurar wa za ku tayar? Ku bar ta ta yi barcinta. Ƙura ake tayarwa, ƙura."

Ya gwada ya fi sau goma, harafin ya ƙi fita daga maƙogwaronsa. Da na fassara masa abin da yake faɗa, shi ma ya zauna a ƙasa yana dariya, ya ce wallahi haka ya fi daɗi, ba zai gyara ba. Umma ta share idonta da bakin mayafi, ta tambaye shi a ina ake wannan tayar da kurar. Ya zaci faɗa ne zai biyo baya. Sai ta ce tana so ta gani da idonta, in abin banza ne ta hana tun da wuri, in ba na banza ba ne ta san inda ɗanta yake zuwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi a motar wani abokinsa. Mutanen ba su wuce cikin falo ɗaya ba. Maza suna gaba, mata muna gefe guda a kan darduma, yawanci yayye ne da ƙanne da matan 'yan ƙungiyar. An jera katifu a jikin tagogi saboda maƙwabta. Da yaran suka ga tsohuwa da sanda sai duk suka rikice, wannan ya kawo kujera, wancan ya kawo ruwa, mai ƙahon ya zo ya sumbaci kanta yana kiranta khala, wato inna. Ƙanena kuwa ya kasa haɗa ido da mu.

Mai ganga ya buga sanduna sau huɗu, sai falon ya kama girgiza. Umma ta toshe kunne da hannu biyu. Ni ma da farko hayaniya kawai na ji, gudu kamar an biyo su. Amma can cikin hayaniyar sai na gane wannan ƙas ƙas ɗin na ɗakinsa. Da aka jona shi da wuta aka haɗa da ganga, ashe ba a kan bugun gangar yake sauka ba, a tsakanin bugu da bugu yake faɗawa. Ganga ta ce dum, jita ta ce ƙas, kuma wannan ɗan gurbin shi yake ɗaga mutum. Kana jiran ƙafarka ta sauka sai ka ji an cilla ta sama. A kan wannan duka ƙahon yake hawa, da murya wasai kamar mai ƙyalƙyala dariya. Abin da suke faɗa a waƙar ba na daɗi ba ne, zafin rana ne, da layin sabunta iƙama, takardar izinin zama, da maigidan da ba ya cewa sannu. Amma suna faɗa suna tsalle, jama'a suna amsawa suna tsalle, har ka rasa ta inda haushin ya bi ya fita.

A waƙa ta uku na duba na ga Umma ta sauke hannuwanta, sandarta tana dukan ƙasa. Ba tare da ganga take tafiya ba, tare da jitar take. Ta jawo ni ta yi mini magana a kunne.

"Wannan ai lugude ne. In ta farko ta sauke taɓarya, ta biyu ta shiga. Haka muke yi a gidanmu kafin in zo ƙasar nan."

Ban taɓa ganin lugude ba sai dai ji a bakinta, amma ranar na ji shi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da na zo ina ɗingishi, sai ga ni cikin 'yan mata ina wurga ƙafa da gwiwar hannu yadda suke yi, abayata tana ta harɗe ni.

Da aka zo waƙar kura, ƙanena ya tsaya ya gaya wa jama'a da Larabci kuskuren da ya yi da wadda ta kama shi, ya nuna Umma. Aka juyo ana tafi. Suka fara, kuma da amshin ya zo, falon gaba ɗaya, Larabawa da Jawawa da namu, kowa yana kiran a tayar da kura. A zagaye na biyu ne Umma ta dafa kafaɗata ta tashi tsaye, ta kama hancinta, ta rangaɗa guɗa. Rabona da jin guɗarta tun bikin yayarmu. Ta ratsa ganga da jita ta fita sama. Mai ƙahon ya zaro ido, ya ɗaga ƙahonsa ya mayar mata da irinta. Ta sake, ya sake. Sau uku suna yi, ƙanena yana kiɗa yana dariya har baitinsa ya ɓace masa.

Ana kiran magariba suka ajiye kaya. Aka yi alwala a famfon farfajiya, mai gangar ya ja maza salla, rigarsa sharkaf da gumi. Bayan nan aka shimfiɗa leda aka kawo shinkafa da kaza. Umma ta sa aka kira mata su biyar ɗin, ta tambayi kowa ɗan wane ne da aikin da yake yi, ta sa musu albarka, ta ce wa mai gangar ya rame da yawa, ya riƙa biyowa ta gidanmu yana cin tuwo. Ya kuwa riƙa zuwa, kusan duk Talata, har ya yi aure ya koma Jidda.

Washegari Umma ta tashi murya a dishe. Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta ji ta, ta yi mata sannu, ta tambaya ko sanyin na'ura ne ya kama ta. Umma ta ce a'a, taro ta je. Matar ta ce na wa, ba a gaya mata ba? Umma ta ce na yara ne, in an sake za ta tafi da ita, amma ta sa takalmi marar tsini.